Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista, Daga Kwamitin Sashen Nazarin Guba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, lale marhabin da zuwanka. Aikinka ya riga ka isowa, don haka ba za mu tsawaita yabo ba. Allah ya ƙara girma, ya mai da kai gida lafiya.

Za mu fara da buƙatarmu tun rana ba ta yi nisa ba: muna roƙon na'urar tantance furotin a jini, wadda masana ke kira mas sifektiromita, tare da sola da za ta riƙe firizarmu dare da rana.

Ranka ya daɗe, mu 'yan Arewa ba a littafi muka san guba ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Abare, inda ake niƙa dutsen zinare a tsakar gida, mata na goye da 'ya'yansu. A 2015 ta sake ɓulla a Jihar Neja. Mutanenmu ne suka ba da jininsu, amma zurfin binciken sai a ƙasashen waje, mu kuma mu zauna jiran sakamako. Wannan abu yana ci mana tuwo a ƙwarya.

Guba ɗaya ce, amma jikin mace da na namiji ba su karɓarta iri ɗaya. Dalma tana kwanciya a ƙashi shekaru da yawa, sai mace ta samu ciki ko tana shayarwa ta sake fitowa cikin jini, ta isa ga jariri. Macen da ƙarfen jininta ya yi ƙasa, hanjinta ya fi tsotsar kadmiyam, wani sinadari mai guba, domin furotin ɗin da ke ɗaukar ƙarfe shi ke ɗaukarsa. Cutar itai-itai ta Japan, wadda gubar kadmiyam ta haddasa, mata ta fi kamawa. Ko a ɓeraye, akwai furotin da hantar namiji ke yi wanda wasu sinadaran fetur ke maƙalewa a jikinsa su lalata ƙoda, ta macen kuwa lafiya lau. A 2013 Amurka ta rage wa mata rabin adadin maganin barci na zolpidem, saboda ya fi daɗewa a jininsu. Irin wannan bambanci muke so mu gano a jinin manomiyar da ke wanke kayan feshi da ma'aikacin majemar Challawa a Kano, da hannunmu, a nan gida.

Ɗalibanmu sun iya aikin. Bara wata ɗalibarmu ta shafe watanni tana tara samfurin jini daga ƙauye zuwa ƙauye, wuta ta ɗauke kwana uku, komai ya narke. A gaban firizar muka same ta tana kuka. An sha yi mana alkawari, har yau shiru.

Muna kuma fatan a tura matasanmu biyu horo, a gyara rufin ɗakin gwaji. Amma in ɗaya za a yi, ranka ya daɗe, na'urar nan da solarta. Mun share ɗakin da za a ajiye ta, yanzu za mu kai ka ka gani.