Rundunar Murabiɗun a Kan Tebur: Yadda Ake Haɗa Ta da Yi Mata Fenti

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a zauren taro.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, iyayena da 'yan'uwana ɗalibai, na gode da kuka ba ni wannan lokaci.

Waɗannan ƙananan sojoji da na jera a gabanku, tsayin kowanne milimita 28 ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Da irinsu ake yin wasan yaƙi na kan tebur, wanda ya fi ƙarfi a Ingila da sauran ƙasashen Turai. Mutum biyu ne za su jera rundunoninsu, a auna tafiyar kowane rukuni da rula, a jefa ƙwayar lido a ga wa ya sari wa, duk bisa ƙa'idojin da aka rubuta a littafi. Asalin abin horon hafsoshi ne, domin tun 1824 sojan Prusiya ya karɓi irin wannan wasa don koyar da dabarun yaƙi. Na san akwai mai tambaya a ransa game da hukuncin sura. Tambaya ce mai nauyi, kuma malaman fiƙihu da ke zaune a nan su ne masu amsa ta. Ni tarihi da aikin hannu na zo da su.

Rundunar nan ta Murabiɗun ce. Barbar ne na Sahara, ba Barebarin Borno ba, daga ƙabilun Sanhaja irin su Lamtuna da Gudala da Masufa, a yankin da yau ake kira Muritaniya. Shugaban Gudala, Yahaya ɗan Ibrahim, shi ya biyo ta Ƙairawan, a Tunisiya ta yau, a hanyarsa ta dawowa daga Hajji, ya nemi malamin da zai karantar da mutanensa, aka haɗa shi da Abdullahi ɗan Yasin. Daga karatun nan aka ɗaura yaƙi. Wajen 1054 zuwa 1055 sun kama Sijilmasa a arewa da Audagust a kudu, wato bakin hanyar zinariya ta nan da ta can. Wajen 1070 suka kafa Marakish a Maroko, ta zama babban birninsu. Da Alfonso na Shida, sarkin Kiristocin Kastila a Sifen, ya ƙwace Toledo a 1085, sarakunan Andalus, ciki har da Mu'utamid na Ishbiliya, suka nemi agajin Yusuf ɗan Tashfin, sarkin Murabiɗun. Ya tsallaka teku, aka gwabza a Zallaƙa kusa da Badajoz ranar Juma'a, 23 ga Oktoba 1086, Alfonso ya tsira da rauni a ƙafa.

Abin da ya sa na kawo shekarun nan shi ne, kafin ka sayi soja ko ɗaya, sai ka tambayi kanka rundunar wace shekara kake so. Ta zamanin Ɗan Yasin mutanen hamada ne zalla, da raƙuma da masu. Ta Zallaƙa ta samu dawaki masu yawa, ga dogaran Yusuf baƙaƙen fata, ga mayaƙan Andalus a gefe da sulkensu. Ta ƙarshen daula kuwa, kafin Muwahhidun, daular da ta kayar da su, su karɓe Marakish a 1147, har da sojojin haya Kiristoci a ƙarƙashin Reverter, mutumin Barselona. Wanda ya cakuɗa ukun nan a tire ɗaya zai samu abin kallo, amma ba rundunar da ta taɓa tsayawa a fagen fama ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake yawan yi wa mutanen nan fenti. Sai ka ga an ɗora kusan kowa a kan doki, an yi musu riguna ja da kore da ruwan ɗorawa, sai ka ce 'yan hawan salla. Alhali muna da shaidar wanda ya rayu a zamaninsu. Al-Bakri, malamin Andalus da ya kammala littafinsa na hanyoyi da masarautu a 1068, ya ce galibin yaƙinsu a ƙasa suke yi, sahu bayan sahu. Na gaba suna riƙe da dogayen masu, na baya kowa da masun jifa da yawa a hannu, kuma da wuya su jefa su kuskure. A gaban sahu akwai mai tuta. Muddin tutar tana tsaye, suna tsaye. In ya sunkuyar da ita sai duk su zauna a ƙasa, ba mai motsi. Ya kuma ce ba sa bin wanda ya juya da gudu. To ku dubi tebur: shi ya sa dakaruna suka ninka mahaya, shi ya sa mai tuta yake gaba shi kaɗai, kuma shi ya sa na nemo waɗanda aka ƙera a durƙushe na sa su a sahun farko. Kada a manta da makaɗa. Labaran Zallaƙa sun yi ta ambaton ƙarar gangunansu, don haka ko mutum biyu ne a ware musu.

Yawan da ake bukata ya danganta da ƙa'idar wasan. A ƙa'idar da ake kira DBA, wadda ta fito a 1990, kowace runduna rukuni 12 ce, kowane rukuni mutum biyu zuwa huɗu galibi. A SAGA kuwa ana wasa da maki shida, maki ɗaya ya ba ka zaratan mayaƙa 4, ko mayaƙa na tsaka-tsaki 8, ko 'yan gayya 12. Wato da mutum arba'in ko hamsin ka tashi runduna. Kamfanoni irin su Gripping Beast da Artizan Designs suna ƙera su, wasu na roba wasu na ƙarfe. Ga mai farawa na roba sun fi sauƙin kuɗi, kuma ana iya sauya musu kai da hannu.

Haɗawa ba ta da wuya, haƙuri take so. A kankare layin da mazubi ya bari da bakin reza, a wanke da ruwan sabulu, a manna. Na roba da gam ɗin roba, na ƙarfe da gam mai kamawa nan take. Mashin da ya zo da soja in na ƙarfe mai laushi ne, a cire a sa waya mai ƙarfi, don kuwa zai lanƙwashe tun wasan farko. Sai a fesa fentin share fage, ni ruwan ƙasa mai haske nake sa wa mutanen hamada. Fenti na ruwa ake amfani da shi, a sirka shi ya yi kaurin madara, a shafa sau biyu. In lokacin hunturu ne, fenti kan bushe a bakin burushi kafin ya kai ga soja, to a sa jiƙaƙƙen soso a faranti, a shimfiɗa takarda a kai, a riƙa ɗiban fenti daga nan. Kuma kada a gama soja ɗaya sannan a ɗauki wani. A jera goma, a yi wa duka fata, a yi wa duka riga, a haka har a gama.

Yanzu ga inda aikin yake, wato amawali. (Ya ɗaga ɗaya daga cikin sojojin.) Da rufe fuska aka san mutanen nan, har ana kiransu masu lisami. Al-Bakri ya ce idanu kaɗai ake gani, kuma in aka kashe mutum a yaƙi amawalinsa ya zame, 'yan'uwansa ba sa gane shi sai an mayar masa. Don haka duk fuskar sojan nan tsaga ce siririya. Na fara cika ta da ruwan ƙasa mai duhu, na ɗiga launin fata a kan karan hanci da ƙasan ido, na tsaya a nan. Masu sa farin ido da ɗigon baƙi suna ɓata aikin, sai sojan ya fito a firgice. Shi kuwa rawanin, masu fenti sun saba aron shuɗin da muke gani a kan Buzaye, kuma a nan mun fi Bature sanin abin da ake nema, tunda turkuɗin Kura da marinar Ƙofar Mata a gidanmu suke. Shuni ba shuɗin sama ba ne. Baƙi-baƙi ne, yana ɗaukar ido da wani ja-ja saboda bugu. Sai a haɗa shuɗi mai duhu da baƙi a shafe duka, a ƙara ɗigon shunayya a bi saman kowane naɗi, a ƙarshe a taɓa gefen naɗin kaɗai da ruwa mai sheƙi. Amma kada kowa ya samu shuni. Mafi yawa a bar su da farin saƙi da ya sha ƙura, da ruwan toka, da baƙi.

Kuma ba kowa za a rufe wa fuska ba. Ibn Abdun na Ishbiliya, a littafinsa na hisba, ya nemi a hana kowa ɗaura lisami in ba ɗan Sanhaja ko Lamtuna ko Lamɗa ba, saboda barori da sojojin haya suna ɗaurawa suna tsorata mutanen gari. Ke nan maharban Andalus da ke gefen rundunarka a bar fuskokinsu a buɗe.

Garkuwarsu ta fatar warwaji ce, irin wadda garin Nul Lamɗa a kudancin Maroko ya yi suna da ita. Fata ce busasshiya, saboda haka launin ƙashi za a shafa, a zuba masa siririn ruwan ƙasa ya kwanta a lunguna, a goge burushi har ya kusa bushewa a share tsakiyar da fari-fari. Zanen dodanni da zakuna na jaruman Turai ba shi da wuri a nan. Tuta kuma baƙa na yi, domin Yusuf ya amince da halifan Abbasiyawa na Bagadaza, ya tsaya a laƙabin Amirul Muslimina, baƙi kuwa launinsu ne.

Gindin da soja ke tsaye a kai, a shafa farin gam irin na kafinta, a barbaɗa yashi da aka tankaɗe, a dasa 'yar busasshiyar ciyawa. In rundunar Zallaƙa ce a ƙara ciyawar, tunda ƙasar Andalus suke takawa. Daga nan a fesa abin kariya marar sheƙi, a ajiye su a akwati mai soso, nesa da rana, don zafi yana tanƙwara roba.

Lokacina ya ƙare. Wanda yake son duba su kusa ya matso, amma don Allah a ɗauka ta gindi, kada a kama mashi. Sai mu shiga tambayoyi.