Daga Wad Zuwa Gaban Allo: Lacca ga Nas-nas Masu Son Koyarwa

Assalamu alaikum. Na can baya, kuna ji na? To madalla. Ƙannena, abu uku zan taɓo yau.

Na farko takarda, ba zan daɗe a kanta ba. Rajista da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, da lasisi mai rai, wanda ake sabuntawa duk shekara 3. Sai digirin jinya, akwai shi a ABU Zariya, akwai a Bayero. Sai takardar koyarwa, wato PGDE, ko a Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna mutum zai iya yin ta yana bakin aikinsa. Daga nan hukuma ta yi maka rajistar malanta.

Na biyu, kuma don shi na zo. Don Allah kada ku bar wad, wato ɗakin da ake kwantar da majinyata! Da yawa suna neman koyarwa ne don su huta da aikin dare. Na ga wasu suna dariya, kun san gaskiya ce. Amma malamar da ta daɗe ba ta taɓa majinyaci ba, ɗalibai na gane ta tun a makon farko. Lokacin da Florence Nightingale, uwar aikin jinya na zamani, ta buɗe makarantarta a 1860, a cikin asibitin St Thomas na Landan ta kafa ta, kusa da gadon marasa lafiya. A ganina har yau wurin da makarantar jinya ta dace ke nan.

Mutum-mutumin ɗakin gwaji yana da amfani, ban raina shi ba. Amma ba ya kuka, jijiyarsa ba ta ɓacewa, kuma ba shi da uwa a tsaye tana kallon hannunki. Ki kai ɗalibarki wurin yaron da gudawa ta ƙarar masa da ruwan jiki, ki tsaya a bayanta tana neman jijiya. Hannunta zai yi rawa. Kada ki ƙwace allurar nan take, kada kuma ki yi mata tsawa gaban iyayen yaro. Ki ce mata a hankali, sake ɗaure hannun, duba nan. In ta gagara, ki karɓa, ita kuma ta kalla. Haka a ɗakin awon ciki. Kowa na iya karanta lambar hawan jini. Amma mai ciki ta ce kanta na sarawa, idonta na ganin dishi-dishi, fuska ta kumbura, ɗaliba ta gane jijjiga ce ke tafe ta ruga ta kira babba, wannan a gefen gado ake koyon sa. A gefen gado, na sake faɗa.

Ina muka tsaya, na uku ko? To, shirya darasi kafin shiga aji, da adalci wajen maki. 'Yar wane da 'yar talaka awo ɗaya, domin duk wadda kika ɗaga ba ta cancanta ba, ran wani za a damƙa mata gobe.

Na'am, 'yar'uwa mai farin hijabi?

Ta ce garinsu ƙauye ne, babu nas mace ko ɗaya, shin ta koma gida ta yi aiki ko ta tafi koyarwa?

Kai, tambayar nan ta taɓa ni. A 2012 aka fara shirin Women for Health a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, ana ɗauko 'yan mata daga karkara a shirya su shiga makarantun jinya da ungozoma. Cikin manyan matsalolin da aka tarar har da ƙarancin malamai, kuma yawan malaman makaranta na cikin abin da hukuma ke dubawa kafin ta ba ta gurbin ɗalibai. Don haka, ƙanwata, ki koma gida tukuna ki yi 'yan shekaru, ki karɓi haihuwa, hannunki ya nuna. Kina can ki yi PGDE ɗinki. Kuma tun yanzu ki sa ido kan 'yan matan garinku da suka ci darussan kimiyya, ki je ki zauna da iyayensu. Ki same ni bayan sallar la'asar mu ƙarasa maganar.