Amsoshin Tambayoyinku: Motar lantarki da ta fetur, wacce ta fi cin kuɗin gyara?

Masu sauraro barkanmu da warhaka. Wasiƙarmu ta farko daga Zariya take. Wani malamin makaranta ne ya ce tun da aka cire tallafin mai a 2023 yake sha'awar motar lantarki, amma yana so ya ji, ita da ta fetur wacce ta fi cin kuɗi wajen gyara?

To malam, in dai sabis na yau da kullum kake nufi, ta lantarki ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ba ruwanka da juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa. Birkinta ma yana daɗewa, domin da ka ɗaga ƙafa daga totur, injin ne ke rage gudun, yana mayar da wuta cikin batir. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta fitar da lissafi a 2021: sabis ɗin ta lantarki yana cin santi 6.1 a kowane mil, na ta fetur kuwa 10.1. Sai dai ta lantarkin takan fi cin taya, saboda nauyi.

Amma fa lissafin Amurka ke nan. A nan gida, inda gizo ke saƙa shi ne batir. Shi ne abu mafi tsada a jikin motar, kuma a ƙarƙashinta yake shimfiɗe, daidai inda dutse ko rami kan daki mota a hanyoyinmu. Yawancin kamfanoni suna ba shi garantin shekara 8 ko kilomita 160,000. Mu kuwa da 'yar Kwatano muka saba, wadda sau da yawa garantin ya ƙare kafin ta sauka daga jirgi. Ga kuma zafi, wanda ke tsofar da batir da wuri. Tsofaffin Nissan Leaf ba su da ruwan da ke sanyaya batir, shi ya sa tun 2012 masu su a jihar Arizona mai zafi da ke Amurka suka yi ta kukan caji ba ya kai su inda ya saba kai su. Yanzu kwatanta da ranar Sakkwato a watan Afrilu.

Sai maganar mai gyara. Corolla ta tsaya maka da safe, yaron bakanike zai hau babur zuwa Panteka ko Ƙofar Ruwa, kafin la'asar ka kunna ta. Ta lantarki kuwa wutar da ke batirinta ta kai wajen bolt 400. Ba abin da mai rewaya na bakin titi zai sa wa sukurdireba ba ne, rai ake magana.

Saboda haka malam, kafin ka ba da ko kwabo, a jona mata na'ura a gabanka ka ga kashi nawa ya saura na lafiyar batirin. Sannan ka tambayi dillalin, in ta tsaya wa zai duba ta, kuma a wane gari yake.