Yadda Rumbunan Bayanan Gwamnati Ke Fahimtar Juna

Idan gwamnati ta mayar da ayyukanta kan intanet, abin da jama'a suke gani shi ne shafi mai kyau da fom da za su cike. A bayan wannan shafi kuwa akwai rumbunan bayanai masu yawa, na hukumar rajistar haihuwa, da na haraji, da na lafiya, da na lasisin tuƙi, waɗanda aka gina a lokuta daban-daban, kowanne da kamfanin da ya yi shi da kuma tsarin da ya zaɓa. Matuƙar waɗannan rumbuna ba sa fahimtar juna, ɗan ƙasa ne yake zama ɗan aike a tsakaninsu, yana karɓar takarda daga wannan ofis yana kai wa wancan.

Abu na farko da ake buƙata shi ne ƙa'ida ɗaya ta rubuta bayani. A ɗauki kwanan wata: idan aka rubuta 03/04/2024, mutumin Amurka zai karanta 4 ga Maris, na Ingila kuma 3 ga Afrilu. Domin kawar da wannan ruɗani ne Hukumar Daidaita Ƙa'idoji ta Duniya ta fitar da ISO 8601 a 1988, wadda ta tanadi a fara da shekara, sai wata, sannan rana. Haka abin yake ga haruffa, domin rumbun da ba ya amfani da Unicode, wato tsarin bai ɗaya na adana haruffan harsuna a kwamfuta, yakan lalata sunayen da ke ɗauke da haruffa irin su é ko ü ko ƙ, har mutum ɗaya ya bayyana a matsayin mutane biyu. Shi kansa saƙon da ke tafiya daga kwamfuta zuwa kwamfuta ana tsara shi ne da ƙa'idojin jera bayani irin su XML ko JSON, yana bi ta wata ƙofar musaya da masana suke kira API.

Wannan ɓangare na fasaha shi ne mafi sauƙi. Inda gizo yake saƙar shi ne ma'ana. Hukumar haraji tana iya ɗaukar adireshi a matsayin inda ake aika wa mutum wasiƙa, hukumar zaɓe kuma ta ɗauke shi a matsayin inda yake kwana, sai bayanin ya isa lafiya lau amma a yanke hukunci a kan kuskure, kuma babu na'urar da za ta yi ƙorafi. Tsarin musayar bayanai tsakanin hukumomi da Tarayyar Turai ta sabunta a 2017 ya gane haka, shi ya sa ya kasa batun zuwa matakai huɗu: doka, da tsarin aikin hukumomi, da ma'ana, da fasaha. Injiniyoyi suna iya warware na ƙarshen su kaɗai, amma sauran ukun sai an zaunar da lauyoyi da shugabannin ma'aikatu sun amince a kan wace hukuma ce take riƙe da asalin kowane bayani, da kuma wanda doka ta ba shi izinin gani. A nan ne ayyuka da dama suke tsayawa cik, domin hukuma ba ta cika son sakin abin da take ɗauka a matsayin ikonta ba.

Misalin da aka fi ambata shi ne na Estoniya, wadda ta ƙaddamar da tsarin X-Road a 2001. Abin lura shi ne ba ta tara bayanan ƙasa a rumbu guda ba. Kowace hukuma tana riƙe da nata, kuma idan wata ta nemi wani bayani, buƙatar tana bi ta na'urar tsaro da ke ɓoye saƙon, ta sa masa hannu na lantarki, ta kuma ajiye shaidar lokacin da aka yi musayar. Wannan ne ya ba da damar aiki da manufar nan ta cewa kada gwamnati ta tambayi ɗan ƙasa abu ɗaya sau biyu. A 2018 an haɗa tsarin Estoniya da na Finland, ta yadda bayanai za su iya tsallake iyaka.

Sai dai sauƙin musaya yana tafe da haɗarinsa. Idan lambar shaida guda ta buɗe bayanan lafiyar mutum da na harajinsa da na iyalinsa, to kuskure ɗaya yana iya bin dukan hukumomi cikin ɗan lokaci, kuma ma'aikaci marar amana yana iya leƙa abin da bai shafe shi ba. Saboda haka tsari mai inganci yana aika amsar da ake buƙata kawai. Idan tambayar ita ce ko mutum ya kai shekara 18, amsar “e” ko “a'a” ta wadatar, ba sai an miƙa ranar haihuwarsa ba. Wajibi ne kuma ɗan ƙasa ya iya duba wace hukuma ce ta nemi bayaninsa da kuma yaushe, sannan a fayyace masa ofishin da zai tunkara idan ya ga kuskure, domin gyaran da aka yi a asalin rumbun ne kaɗai yake isa ga sauran hukumomin.