Kafin ka shiga ƙarƙashin motar nan, ina tabarau ɗinka?

Assalamu alaikum jama'a. Yau maganar da ku nake, masu buɗe bonet ranar Asabar a ƙofar gida, ba ku da gareji ba ku da oga, sha'awa ce kawai da bidiyon YouTube. Ka je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka sayo sifana da jak da fulogi amma tabarau na kariyar ido ko tambayar kuɗinsa ba ka yi ba.

To kalli nan. Ka kwanta ƙarƙashin mota za ka kwance notin salansa, fuskarka na kallon sama, duk tsatsa da ƙurar hunturun da ta taru a wajen ina za ta zuba? Cikin idonka mana. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma wannan hakin na ƙarfe ne, in ya maƙale a baƙin ido cikin 'yan awanni zai fara tsatsa a nan inda yake, sai likita ya sa maganin kashe zafi ya kankare shi. Dukan ƙarfe da guduma ya ma fi muni, don ɗan ɓallin da ya yi tsalle yana iya huda idon ya shige ciki, zafin ma ba yawa sai ka ce ai ba komai. Injin yankan ƙarfe kuwa ƙaramin nan yana juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya, ƙiftawarka ba ta riga shi.

Sai batir. Ruwan batir asid ne, kuma in yana caji iskar haidirojin yake fitarwa, tartsatsi ɗaya wajen jona waya sai ya fashe maka a fuska. Man birki da feshin wanke kafireto su ma ba wasa.

Wani zai ce ai ina da baƙin gilashi. A'a malam, wannan na gayu ne, na karatu ma ba ya yi, gefe a buɗe yake kuma yana iya tarwatsewa. Duba hannun tabarau ɗin ko gefen gilashinsa, nemi rubutun Z87+ ko EN 166, alamar tabarau na kariya ke nan, ka ɗauki mai rufe gefe. Aikin batir da feshi kuma mai roba wanda ke manne wa fuska zagaye. Walda daban take, fuskar walda ake sawa, in ba haka ba sai bayan awa 6 zuwa 12 cikin dare ka ji kamar an zuba maka yashi.

In kuma abin ya riga ya faru, kar ka murza. Kar ka ce wa yaro zo hura min ido, ban da tsinken ashana, ban da kwalli ko ruwan sukari. Asid ne? Ruwa mai tsabta, ko fiya wata ne, ka buɗe idon a yi ta kwarara aƙalla minti 20 sannan a tafi asibiti. Ƙarfe ne ya cake? Bar shi yadda yake, kifa kofin roba a kai kar ya danne, a kai ka asibitin ido na ECWA a Sabon Gari ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano a ranar, ba gobe ba, kuma ba kai za ka tuƙa ba.