Amsoshin Tambayoyinku: Allah yana jarabtar mutum?

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙu biyu za mu buɗe yau, kuma kusan bakinsu ɗaya.

Wata 'yar'uwa ta ce kanta ya ɗaure. A Yakubu 1:13 ta karanta cewa Allah ba ya jarabtar kowa, sai kuma ga Farawa 22 inda Allah ya gwada Ibrahim a kan ɗansa Ishaku. To wanne za ta kama?

'Yar'uwa, ki kama duka biyun. A Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kalma ɗaya ce take ɗauke da ma'anar gwaji da ta jaraba. Nufi ne ya raba su. Maƙeri yakan sa zinariya a wuta don ta tsarkaka, ba don ta lalace ba, kuma misalin da Bitrus ya kawo ke nan a wasiƙarsa ta fari, 1:7. Shaiɗan kuwa faɗuwarki yake nema. Ki duba Matiyu 4: Ruhu ne ya kai Yesu jeji, Iblis ne ya jarabce shi bayan azumin kwana 40. Jeji ɗaya, yunwa ɗaya, amma kowa da abin da yake so ya fito daga ciki. Haka rashin lafiya ko talauci: a hannun Allah suna haifar da jimiri, a bakin Iblis sukan zama raɗar "Allah ya manta da ke." Kada dai mu ɗora wa Shaiɗan laifin komai, domin Yakubu 1:14 ta ce mugun burin mutum ne yake jansa.

Wasiƙa ta biyu daga wani saurayi ce. Ya ce tun da ya tuba sai jaraba ta ƙaru, har yana shakkar cetonsa.

Ɗan'uwa, dā kana bin ruwa ne, shi ya sa ba ka ji ƙarfinsa ba. Yanzu da ka juyo ka ji. Jin jaraba ba zunubi ba ne. Ibraniyawa 4:15 ta nuna an jarabci Yesu ta kowace hanya kamarmu, bai kuwa yi zunubi ba. Ko ka faɗi ma, tuna da Bitrus, wanda ya yi musun Ubangijinsa sau 3, daga baya aka danƙa masa kiwon tumaki.

Sai dai na lura a wasiƙarka kana yawan cewa "zan daure." Daurewa ta gwaji ce. Yusufu ya daure a kurkuku shekara da shekaru, amma a ɗakin matar maigidansa Fotifar, wadda ta nemi ya kwana da ita, bai tsaya nuna jarumta ba, ya bar mata rigarsa ya ranta a na kare. Mafitar da 1 Korantiyawa 10:13 ta yi alkawarinta sau da yawa ƙofar ɗaki ce kawai, ko goge wata lamba daga wayarka. Ka nemi wani dattijo a ikilisiya da ka amince da shi, ka faɗa masa abin da ka rubuto mana.