Mujallar jami'a da marubutan Zango

(Laccar da aka yi wa matasa marubuta a Nima, birnin Akra, kamar yadda aka kwafo ta daga rikodin.)

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, barkanku da zuwa. Ƙannena na baya, ku matso, akwai wuri.

Ɗazu a bakin ƙofa wani yaro ya tare ni, ya ce: "Malam, ga Facebook a hannu, wa zai zauna jiran mujallar jami'a?" Da tambayarsa zan fara.

A 1958 ɗaliban jami'a a Ibadan suka fara wata 'yar mujallar waƙoƙi mai suna The Horn, J. P. Clark ne editanta na farko. 'Yan takardu ne ake gurzawa a inji. A jami'ar Makerere ta Uganda an yi Penpoint, inda marubucin Kenya Ngugi wa Thiong'o ya fara ganin labarinsa a buge tun yana ɗalibi. Mu ma nan Ghana mun yi Okyeame, wadda su marubuciya Efua Sutherland suka tsaya mata a shekarun 1960.

Abin da irin wannan mujalla take ba ka shi ne edita, mutumin da zai zauna da rubutunka ya bi shi layi-layi. Waƙata ta farko da na aika, baiti goma sha biyu ce. Ta dawo mini an soke biyar da jan biro, an rubuta a gefe: "Amsa-amo ya karye a nan." Wallahi kwana biyu ban iya duban takardar ba. Da na zauna na rera ta da ƙarfi, sai kunnena ya ji abin da editan ya ji. Yau ka sa waƙa a intanet, kafin la'asar mutum ɗari sun rubuta "Masha Allah", babu wanda zai ce maka baiti na uku ya gurgunce.

Kuma Hausa ba baƙuwa ba ce a jami'ar ƙasar nan. Rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete-Krachi, malami kuma marubucin waƙoƙi wanda ya rasu a 1934, na Larabci da na ajami, suna ajiye a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon, masana na zuwa daga nesa su duba. To, jikokinsa da ke rubutu yau a Nima da Mamobi da Zangon Kumasi fa? Shafi huɗu na Hausa a mujallar jami'a ya isa a fara, boko da ajami gefe da gefe.

Amma ba za mu je roƙo hannu rabbana ba. Asabar mai zuwa bayan la'asar kowa ya zo da waƙa ɗaya ko gajeren labari, mu tace mu zaɓi goma da za mu kai. Jan biron ni zan kawo.